Kasuwar Da Ba Ta Son A Kira Ta Kasuwa

Kimanin shekara 30 ke nan da aka laƙaba mana suna, mu marubutan littattafan Hausa na wannan zamani, aka ce abin da muke yi “adabin kasuwa” ne. Waɗanda suka raɗa sunan ba yabo suke nufi ba. Nufinsu shi ne rubutunmu bai kai a sa shi a sahun adabi na ƙwarai ba, tunda don a saya muke yin sa, kamar yadda mai tumatir yake kasa kayansa a bakin titi. Wasunmu sun yi ta fushi, wasu sun yi ta mayar da martani a jaridu. Ni kuwa tuni na karɓi sunan na rataya a wuyana, domin ban ga abin kunya a kasuwa ba. Da kuɗin littafi na biya wa yarana makaranta, kuma ban taɓa zaluntar kowa da alƙalamina ba.

To, yau ina so in ba mai karatu labarin wata kasuwa wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, amma idan ka kira ta kasuwa sai a yi maka kallon baƙauye. Ina nufin zaurukan baje kolin fasahar zamani na birnin Landan, inda ake nuna zane-zane da sassaƙe-sassaƙe da sauran abubuwan da ma ban san sunan da zan ba su ba. Abin da nake son faɗa a taƙaice shi ne: kasuwa ce, farashin kawai suka ɓoye. Kuma babban abin da ake sayarwa a cikinta shi ne suna, sannan babban abin da take ƙwacewa daga mai kallo shi ne ƙarfin halin ya ce “wannan ya yi” ko “wannan bai yi ba”.

Na san akwai masu cewa, ke da iyakacinki sakandare, me kika sani game da fasaha? Zan zo kansu. Amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A watan Oktoba na 2023 na je Landan taya ƙanwata zaman jego, sai babbar ’yarta, wadda take jami’a, ta ɗauki nauyin yawo da ni a ranakun da ba ta da lacca. Mun shiga zaurukan nan ba ɗaya ba ba biyu ba, har sai da ƙafafuna suka kumbura. Saboda haka abin da idona ya gani nake faɗa, tare da abin da yake a rubuce wanda kowa zai iya bincikawa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa gidajen nan kashi huɗu ne, kuma duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Akwai gidajen al’umma, irin su Tate Modern, waɗanda ba a ciniki a cikinsu, kallo kawai ake yi. Akwai shagunan dillalai, waɗanda suka cika unguwar masu kuɗi ta Mayfair, da irin su White Cube wanda aka kafa a 1993. Akwai gidajen gwanjo, manyansu su ne Sotheby’s da Christie’s. Sannan akwai kasuwar shekara-shekara, wato Frieze da ake ci a filin shaƙatawa na Regent’s Park kowane Oktoba tun 2003, da kuma 1-54 ta masu fasahar Afirka, wadda aka fara a 2013 a ginin Somerset House. Dillali yana tallata mai fasaha, gidan al’umma ya nuna aikinsa, nunin ya ɗaga darajarsa, gidan gwanjo ya buga guduma a kan sabon farashi, dillali ya koma shagonsa ya ƙara kuɗi. Haka abin yake zagayawa kamar jakin niƙa.

Bari in fara da Tate Modern, domin ita ce uwa a wannan fage. A bakin kogin Tems take, a cikin wata tsohuwar tashar wutar lantarki da ta daina aiki a 1981, aka gyara ta aka buɗe a watan Mayu na shekarar 2000. Da ka shiga za ka faɗa wani makeken zaure inda injinan wuta suke a da, tsawonsa ya haura mita 150, tashinsa sama mita 35. Sunan gidan kuwa na wani attajirin sukari ne, Henry Tate, wanda da kuɗinsa aka buɗe gidan farko a 1897. Ka ga tun daga tushe da ɗan kasuwa a ciki. Amma gaskiya ɗaya ce, dole in yaba musu a kan abu guda: shiga kyauta ne, sai dai in nuni na musamman kake son gani. Na ga ’yan makaranta a zaune a ƙasa suna zane, na ga tsofaffi a keken guragu, na ga mata da jarirai. Sama da mutum miliyan 4 ne suka shiga gidan a 2023. Wannan kam abin koyi ne.

Matsalar tana farawa ne idan ka hau sama ka shiga ɗakunan. Bango fari fat, haske ko’ina, shiru kamar gidan makoki. A gefen kowane abu akwai ’yar takarda manne a bango, ɗauke da sunan mai aikin da shekara da bayanin abin da yake nufi. Na tsaya na ƙare wa masu kallo kallo, na lura da wani abu: mutum zai dubi aikin na ɗan lokaci kaɗan, sai ya matsa ya daɗe yana karanta takardar, sannan ya dawo ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka yi wa wahayi. Wato idonsa bai gaya masa komai ba sai da takarda ta gaya masa. To ni a sana’ata, idan sai na bi kowane littafi gida-gida ina yi wa mai karatu bayanin abin da nake nufi, ai littafin ya mutu ke nan.

A nan ne na yi ido biyu da kakan abin duka. Mazubin fitsari ne irin na banɗakin maza, na farin tangaran, an kwantar da shi an killace shi da gilashi. Wani Bafaranshe mai suna Marcel Duchamp ne ya saye shi a shago a 1917 a birnin New York, ya sa masa hannu da sunan ƙarya, ya aika da shi wurin baje koli a matsayin aikin fasaha. Na asalin ma ya ɓace tun tuni, wanda yake Landan kwafi ne da aka yi a 1964. Shi Duchamp tsokana ya yi, yana so ya tambayi manyan zamaninsa wane ne yake da ikon cewa wannan fasaha ce wannan ba fasaha ba. Tambaya ce mai kyau, ban musa ba. Amma tambayar da aka yi aka gama sama da shekara 100 da suka wuce, me ya sa har yau ake maimaita ta ana karɓar kuɗi? Barkwanci ai sau ɗaya yake ba da dariya.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙari nake yi, ga misalai. A 1972 gidan Tate ya sayi bulo 120 da wani Ba’amurke, Carl Andre, ya jera a ƙasa hawa biyu, a kan kuɗi sama da fam 2,000, kuma da jaridun Ingila suka farga a 1976 sai da ƙasar ta ɗauka. A 2001 aka ba Martin Creed babbar kyautar nan ta Turner, fam 20,000, a kan wani ɗaki da babu komai a cikinsa sai ƙwan lantarki da yake kamawa na daƙiƙa 5 ya mutu na daƙiƙa 5. Jama’a, mu da muka tashi ana kawo wuta ana ɗaukewa, ashe cikin fasaha muke kwana muke tashi ba mu sani ba! Sai kuma a 2004, a ɗaya gidan nasu mai suna Tate Britain, masu shara suka ga wata leda cike da tarkace a gefen wani aiki na Gustav Metzger, suka kwashe suka kai bola. Ashe ledar tana cikin aikin. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A duk gidan su kaɗai ne suka yarda da idonsu.

Wannan labari na masu shara shi ne zuciyar maganata. Abin da idan ka fitar da shi daga farin ɗaki ka ajiye a bakin hanya babu wanda zai waiwaye shi, to darajarsa ta ɗakin ce da takardar da ke bango. Ɗauki tabarmar da aka saƙa da kyau, ko ƙwarya da aka yi wa zane, ko babbar riga mai aska takwas, ka jefar a bakin hanya ka gani ko za ta kwana. Kyanta yana jikinta, ba ta bukatar lauya.

Daga nan sai shagunan dillalai. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba a duk yawon kasuwannin da na yi a rayuwata: shago babu farashi, kuma babu mai ce maka “sannu da zuwa, me za a ba ki?” Wata matashiya ce a zaune bayan tebur da kwamfuta, ko ɗago kai ba ta yi. A wani shago da ba zan ambaci sunansa ba, na ga wani allo babba da aka shafa wa launi ɗaya tal, na ce wa ’yata ta tambayar mini nawa ne. Ta riƙe mini hannu ta ce, “Haba Mama, ba a tambaya haka a nan.” Na ce, “To ’yar nan, kyauta suke bayarwa?” Da ta daure ta tambaya, sai aka ce mu bar suna da adireshin imel, za a tuntuɓe mu. Har na baro ƙasar ba a tuntuɓe mu ba.

Daga baya na fahimci dalili. A wannan kasuwa dillali ne yake zaɓen mai saye. Idan aikin wani mai fasaha yana tashe, ba duk mai kuɗi ake sayar wa ba, sai wanda sunansa zai ƙara wa aikin daraja, kuma wanda ba zai ruga da shi gidan gwanjo gobe ya ɓata lissafi ba. Dillali a al’adance yana ɗaukar kusan rabin kuɗin a matsayin la’ada. Rabin kuɗi! Dillalin gida ko na shanu da zai nemi haka a wurinmu ai sai an tara masa jama’a. Ɓoye farashin kuwa yana da amfani biyu: yana ba su damar faɗa wa kowa abin da suka ga dama, yana kuma sa talakan da ya leƙo ya ji cewa maganar kuɗi ƙazanta ce a wannan wuri mai tsarki. Alhali kuwa kuɗin ne ya biya hayar ginin da fentin bangon.

Idan ana son a ga farashi tsirara, sai a je gidan gwanjo. Wata ’yar Ingila, Tracey Emin, ta shiga baƙin cikin rabuwa da masoyi a 1998, ta kwanta kwana da kwanaki ba ta tashi ba. Da ta miƙe sai ta kwashi gadon yadda yake, da yamutsattsen zanin gado, da kwalaben giya, da guntayen taba, da kayan datti, ta kai baje koli. Attajirin nan mai kamfanin talla, Charles Saatchi, ya saya fam 150,000, sannan a 2014 aka sayar da shi a Christie’s a kan sama da fam miliyan biyu da rabi. Ni marubuciyar soyayya ce, na san zafin rabuwa, na kuma yarda baƙin cikinta na gaske ne. Amma ni sai na yi watanni ina fama da biro da takarda kafin in sa mai karatu ya ji wannan zafi a ƙirjinsa. Ita ta ɗauko gadon kawai. Ita ce mai fasaha, ni ce ’yar kasuwa.

Shi kuwa Damien Hirst ai sarkin kasuwar ne. A 1991 ya sa aka kamo masa ƙaton kifin shak, aka tsoma shi a akwatin gilashi cike da ruwan maganin hana ruɓewa, da kuɗin Saatchi. Kifin ya ƙi jin magani ya fara lalacewa, a 2006 aka canja shi da wani, aka ce aikin yana nan yadda yake, domin wai tunanin ne fasahar. A ranakun 15 da 16 ga Satumba 2008 ya kwashi sababbin ayyukansa ya kai Sotheby’s kai tsaye, aka yi cinikin fam miliyan 111, daidai lokacin da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, duniya ta shiga halin ni-’yasu. Zane-zanensa na ɗige-ɗige kuwa shi da bakinsa ya amsa cewa kaɗan ne daga ciki ya yi da hannunsa, yaransa ne suke yi. A 2024 kuma jaridar Guardian ta bankaɗo cewa wasu ayyukansa da aka rubuta wa shekarun 1990 a 2017 aka yi su, kamfaninsa ya ce ai shekarar da tunanin ya zo masa ce aka rubuta. Tirƙashi! Wannan ko cinikin biri a sama ya fi shi tabbas.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Banksy, mai zanen bango da yake ɓoye fuskarsa. A Oktoba 2018 aka buga guduma a Sotheby’s a kan wani zanensa na yarinya da balan-balan, fam miliyan ɗaya da ’yan kai. Nan take wata na’ura da ya ɓoye a jikin firam ɗin ta fara yayyanka zanen a gaban jama’a, har ta ci rabi. Wai yana yi wa kasuwar ba’a ne. A 2021 aka sake sayar da yagaggen zanen a kan fam miliyan 18 da rabi. Ka ji kasuwar da ko zaginta ka yi sai ta naɗe zagin a takarda ta sayar.

Yanzu bari in dawo kan masu cewa rashin ilmi ne yake damuna. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce: sabon abu kullum da dariya ake tarbarsa, kuma mai zane irin Van Gogh ya mutu a 1890 cikin talauci, yau ga shi duniya tana rububin aikinsa. Gaskiya ne. Amma Van Gogh talauci ya sha saboda kasuwa ta ƙi shi. Waɗanda nake magana a kansu kasuwa ce ta haife su ta yi musu wanka. Ba za ka zauna a kan miliyoyin fam ba sannan ka ari rigar wanda duniya ta juya wa baya. Na biyu, idan ilmi ne sharaɗi, me ya sa wasu ayyukan a cikin gida ɗaya, a rana ɗaya, suka kama ni ba tare da na karanta ko harafi ɗaya ba?

Ga su. A makeken zauren nan na ƙasa na tarar da aikin El Anatsui, dattijo ɗan Gana da aka haifa a 1944, wanda ya yi shekaru da dama yana koyarwa a jami’ar Nsukka. Daga nesa sai ka rantse wasu manyan zannuwa ne aka rataye daga rufin gini, ja da rawaya da baƙi, suna sheƙi. Da ka matso sai ka ga marafan kwalabe ne dubbai, an buge su an ɗinke da siririyar wayar jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na kasa motsi. Shi ma shara ce ya tsinto, shi ma yana da yara masu taya shi, amma shararsa ta bi ta hannu da haƙuri har ta zama abin da ko a tsakiyar jeji ka gan shi sai ka tsaya. Da na ji cewa marafan na kwalaben giya ne, irin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka suna musanye da bayi, sai bayanin ya ƙara wa abin nauyi. Bayani ya zo ya tarar da aiki a tsaye da ƙafafunsa.

A ƙasan wannan zaure kuma akwai wani tabo mai tsawo a jikin siminti. A 2007 wata ’yar Kolombiya, Doris Salcedo, ta tsaga daɓen, tsaga mai tsawon mita 167, don ta nuna ramin da ke tsakanin ’yan gida da baƙin haure, tsakanin fari da baƙi. An cike tsagar a 2008, amma tabon ya ƙi ɓacewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin biza ba ya bukatar a fassara masa wannan. A sama kuma na shiga wani ɗaki mai duhu na tarar da hasumiyar rediyo ta wani ɗan Brazil, Cildo Meireles: ɗaruruwan akwatunan rediyo an ɗora su kan juna, tsofaffi a ƙasa sababbi a sama, kowace tana kama tasha daban, kowa yana magana babu mai jin wani. Na ce wannan ai duniyarmu ce ta yau.

Ashe ke nan ba sabon abu nake ƙi ba. Ma’aunina guda ne, kuma shi ne wanda masu karatuna suke auna ni da shi: shin abin ya yi magana da kansa? Shin an sha wahala a kansa, ta hannu ko ta zuciya? Shin ya bar maka wani abu da za ka tafi da shi gida? Abin da nake ƙi shi ne a haɗa El Anatsui da ƙwan lantarki mai kamawa da mutuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, a ce duk wanda ya bambanta su jahili ne.

To a kwatanta da tamu kasuwar. Littafina kowa ya san kuɗinsa. Mai saye mace ce da ta rage daga kuɗin cefane, ko ɗaliba, ko tela, ko direba. Idan labarin bai yi ba za ta faɗa wa maƙwabciyarta, kafin mako ya zagayo littafi na biyu ya kwanta a shago. Babu farfesan da zai cece ni, babu takarda a bango. Muna da namu laifin, ban ɓoye ba: kurakuran rubutu, da jan labarin da bai wuce littafi ɗaya ba ya zama huɗu don a ƙara ciniki. Amma alƙalanmu dubbai ne, kuma da guminsu suke yanke hukunci. A can kuwa mutane ƙalilan ne, dillalai da attajirai da masu tsara baje koli, suke zama su yanke wane ne gwani, sauran miliyoyin su shigo su gyaɗa kai. Tsakani da Allah, wacce ce ta fi cancanta a yi mata gori?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mu ’yan Afirka muke jiran wannan ƙaramin zauren ya buga mana hatimi kafin mu san darajar namu. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka gano a wani gida a arewacin Landan, sai da aka sayar da shi fam miliyan 1.2 a gidan gwanjon Bonhams a 2018 sannan da yawa daga cikinmu suka tuna da mai shi. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, hotonta yana bayan takardar naira 20 da muke damƙewa kullum, amma nawa ne cikinmu suka taɓa ganin tukunyarta ido da ido? A Oktoba 2025 Tate Modern ta buɗe babban nuni na masu fasahar Nijeriya, har da tukwanenta, har da ayyukan ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar fasaha a Zariya a 1958. Sai ka je Landan ka ga abin da aka yi a Zariya da Suleja.

A nan ne kawai nake sauke murya, domin akwai abin da suka fi mu, wato adanawa. Mutanen da suka iya killace mazubin fitsari da gilashi ba za su bar tarihinsu ya ruɓe ba. Har namu suna adana mana. A makarantar SOAS da ke Landan akwai tarin littattafanmu na kasuwa, waɗanda Graham Furniss da abokan aikinsa suka tattara suka jera sunayensu, alhali a 2007 a Kano wuta aka cinna wa irin waɗannan littattafai a bainar jama’a. Darasin da ya kamata mu ɗauko ke nan, tare da buɗe ƙofa kyauta ga talaka. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale a arewacin Gana, ya gane haka. Ya shiga kasuwar tasu da tsofaffin buhunan koko da gawayi, a 2024 ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican da ƙyalle mai ɗauke da tsofaffin rigunan gargajiya, kuɗin da yake samu kuwa ya kai gida ya gina wuraren baje koli a Tamale don yaran garinsu su shiga su gani. Wannan ya san kasuwa ya je, kuma ya dawo da riba.

Shawarata ga duk wanda Allah Ya kai shi Landan ita ce ya je ya ga wuraren nan, kada maganata ta hana shi. Amma ya shiga da idonsa da hankalinsa. Ka dubi abu da kyau kafin ka karanta takardar da ke bango. Idan ya taɓa zuciyarka ka tsaya ka more, ko da kowa yana wucewa. Idan bai taɓa ba ka wuce abinka, ko da an ce kuɗinsa ya kai na unguwa guda. Idan ka shiga shagon dillali ka tambayi farashi da murya sosai, domin shago ne. Kuma idan ka dawo gida kada ka zo kana yi mana yanga da sunayen da kai ma ba ka fahimta ba.

Ga ’yan’uwana marubuta kuwa, maza da mata, mu daina jin ciwo idan an ambaci kasuwa. Kowa a kasuwa yake, daga mai gadon datti har mai kifin shak. Mu dai mu gyara hajarmu, mu tace rubutunmu, mu adana abin da muka buga ko da kwafi ɗaya ne a akwati, mu kuma ci gaba da faɗin farashinmu a fili. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ga fili ga mai doki. Sai dai ina roƙon ya zo da hujjar da idonsa ya gani, kada ya kwafo mini ta jikin bango.

Na bar ku lafiya.